Tarihin Big Dutchman: Yadda Sarƙar Raba wa Kaji Abinci Ta Zama Kamfanin Duniya

 Darasinmu na yau tarihi ne, amma ku ɗauko biro da takarda, don akwai lissafi a ciki.

Kazar ƙwai da ta kai lokacin yi tana cin giram 110 zuwa 120 na abinci a rana. Mu tsaya a kan 115. Mai kaji 200 zai zuba kilo 23, ko buhu ɗaya mai kilo 25 bai ƙare ba. Yaro ɗaya da bokiti zai gama kafin shayinsa ya huce. Mai kaji 1,000 kilo 115 yake zubawa, buhu huɗu da rabi da 'yar ɗoriya, kuma har yanzu aikin mutum ɗaya ne. To mai kaji 20,000 fa? Kilo 2,300 ke nan, buhu 92 kullum, babu Juma'a babu Lahadi, babu ranar salla. A ɗauko daga sito, a kwance, a juye a bokiti, a bi ɗaki ana zubawa, kaji na bin ƙafar mutum suna hawa kan juna. Kafin a kai ƙarshen ɗakin, na bakin ƙofa sun tsince masarar da ke ciki, na can ƙurya ko ƙwaya ba su gani ba. Ga wanda ya zube a ƙasa aka tattake.

Wannan wahala ce ta haifi kamfanin da za mu yi magana a kansa, wato Big Dutchman. Duk wanda yake kallon bidiyon manyan gonakin kaji a waya, da wuya bai taɓa ganin sunan ba a jikin rumbun abinci ko a akwatin kwamfutar da ke bakin ɗaki. Ba talla muke yi musu ba, galibinmu ma ba mu kai matsayin sayen kayansu ba tukuna. Na zaɓo shi ne don tarihinsa yana nuna lokacin da inji yake zama riba a gona, da lokacin da yake zama kaya a wuyan mai shi.

A yammacin jihar Mishigan ta Amurka akwai garuruwa biyu maƙwabtan juna, Holland da Zeeland. Baƙi ne daga ƙasar Holan ta Turai suka kafa su a 1847, suka sa musu sunayen yankunan da suka baro. Manoma ne, kuma da tafiya ta yi tafiya sai Zeeland ta yi suna wajen ƙyanƙyasar 'yan tsaki. Tun daga 1918 gidan wayar Amurka ya yarda a riƙa aika 'yan tsakin kwana ɗaya a cikin kwali, saboda ɗan tsako yana fitowa da ragowar gwaiduwa a cikinsa wadda take riƙe shi kwana biyu zuwa uku ba ci ba sha. Wannan gwaiduwar ce dai take sa a ɗauko muku 'yan tsaki daga Ibadan, su kwana a hanya, su iso Kano da ransu.

A wannan yanki ne wasu 'yan gida ɗaya su biyu, Richard da Jack DeWitt, waɗanda asalinsu mutanen Holan ne, suka shiga harkar kaji. Kamfanin yana ƙirga shekarunsa daga 1938. Sunan ma daga asalin nasu ya fito, domin ma'anar Big Dutchman ita ce ƙaton mutumin Holan. Abin da suka fito da shi, wanda ya ɗaga sunansu, na'urar raba wa kaji abinci ce mai aiki da sarƙa.

Bari mu tsaya a kan wannan na'ura, don idan kun fahimce ta kun fahimci rabin darasin.

Ku ƙaddara dogon kwami na ƙarfe wanda ya zagaye ɗakin kaji ya dawo inda ya faro. A ƙasan kwamin an shimfiɗa sarƙa mai faɗi, ba irin ta ɗaure kare ba, ta fi kama da sarƙar babur amma a kwance, kuma ita ma bakinta ya haɗe da ƙarshenta. A wuri guda akwai ɗan rumbu da ake juye abinci a ciki, sarƙar tana wucewa ta ƙarƙashinsa. Ƙaramin injin lantarki yana juya wani wili mai haƙora, haƙoran suna jan sarƙar, ita kuma tana kwasar abinci daga rumbun tana tafiya da shi cikin kwamin har ta zagayo. A kowace kusurwa akwai wili da ke taimaka mata ta sha kwana. A bakin rumbun akwai wani marfi da ake ɗagawa ko a sauke, shi ke ƙayyade kaurin abincin da zai hau sarƙar. Sai agogo da ake saitawa, ya kunna injin ya kashe shi a lokutan da aka ga dama. Shi ke nan fa. Babu wani siddabaru. Mai walda da ya san aikinsa zai kalle ta ya gane komai cikin minti goma.

Amma ku duba abin da ta warware. Mutum ya daina shiga cikin kaji da bokiti, a wuri ɗaya yake juyewa. Ana iya ba su abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa a rana, ba a cika kwami har kaza ta samu na watsarwa da baki. Ƙarar sarƙar da motsinta ma kira ne, kazar da ta kwanta sai ta miƙe ta ci. Kuma gudun sarƙar kansa dabara ce. Akwai mai tafiyar mita 12 a minti ɗaya, akwai mai mita 36. A ɗakin da tsawonsa ya kai mita 100, sarƙa za ta yi tafiyar wajen mita 200 zuwa da dawowa. Mai mita 12 za ta ɗauki kusan minti 17, mai mita 36 kuwa ba ta kai minti 6 ba. Me ya sa ake buƙatar mai gudun? Saboda iyayen kajin nama, waɗanda ake ajiyewa don ƙwan ƙyanƙyasa, auna musu abinci ake yi kada su yi ƙiba su daina ƙwai. Kullum da yunwa suke kwana. Idan sarƙa na tafiya a hankali, na kusa da rumbu za su tare ta su ƙoshi, na nesa su samu ragowa, bayan wata ɗaya sai ka ga garke ɗaya amma wasu kamar talotalo wasu kamar tantabara. Da gudu kuwa kaza ba ta iya cafkar kirki sai sarƙar ta tsaya, kowa ya fara tare.

Ko babu sarƙa a ɗakinku akwai abin ɗauka a nan. Kaza tsintau ce, manyan ƙwayoyi take fara ɗauka ta bar gari a ƙasa, alhali a cikin garin nan ne bitamin da sauran sinadaran da kuka biya da tsada suka fi taruwa. Shi ya sa ake so sau ɗaya a rana, wajen tsakar rana, ku bar mazuban su ƙare tas kafin ku ƙara. Mai ƙara sabo a kan tsoho kullum, ƙarshenta garin zai taru ya yi hunhuna ya zubar.

To, ƙirƙirar abu daban, samun mai saye daban. Da 'yan gidan DeWitt sun fito da sarƙarsu shekara ashirin kafin lokacin, da a sito za ta yi tsatsa. Abubuwa ne suka haɗu.

Na farko wuta. A tsakiyar shekarun 1930, gona ɗaya ce kacal cikin goma take da lantarki a Amurka. A 1936 aka yi dokar kai wuta karkara, manoma suka haɗa ƙungiyoyin gama kai suka ci bashin gwamnati suka ja waya, kafin tsakiyar shekarun 1950 akasarin gonaki sun samu. Injin sarƙa ba ya juyawa da fatan alheri. Na biyu, a shekarun 1920 aka gano bitamin D, aka gane cewa idan an sa man hantar kifi a abinci za a iya tsare kaji a ɗaki shekara zagaye ba tare da ƙafafunsu sun lanƙwashe don rashin rana ba. Nan ne garke ya tashi daga kaji hamsin a bayan gida ya koma dubbai a ɗaki ɗaya. Na uku yaƙin duniya na biyu. Samari sun tafi fagen fama ko masana'antu, lebura ya yi wuya ya yi tsada, ga shi gwamnati ta ƙayyade sayen naman shanu amma ba ta ƙayyade na kaza ba, kasuwar kaji ta buɗe. Bayan yaƙin, a 1948, aka yi wata gasa ta ƙasa baki ɗaya don fitar da kazar nama mai faɗin ƙirji da saurin girma, kuma gonar Arbor Acres, sunan da kuke gani a kwalin 'yan tsaki har yau, tana cikin waɗanda suka yi fice a gasar.

Wuta ta zo, garke ya girma, lebura ya yi tsada, ga masu saye. A lokacin ne sarƙa ta fara biyan kuɗinta. Ku riƙe waɗannan huɗun, za mu auna kanmu da su nan gaba.

Yanzu labari zai tsallaka teku zuwa Jamus, don can ne kamfanin ya zama abin da yake a yau.

A 1958 wani mai kiwon kaji mai suna Josef Meerpohl, daga ƙauyen Calveslage kusa da garin Vechta a arewa maso yammacin Jamus, ya karɓi wakilcin sayar da kayan Big Dutchman a ƙasarsu. Ku lura, manomi ne da ya san ɗaukar buhu da kwasar kashin kaji, kuma waɗanda zai sayar wa kayan maƙwabtansa ne. Idan sarƙa ta tsinke da asuba sun san ƙofar gidansa. A ganina wannan ya fi kowace irin talla ƙarfi, domin mai kiwo ba ya sayen inji don kyansa, yana saye ne idan ya tabbata akwai wanda zai amsa kira ranar da ya tsaya.

Yankin nasu ma abin nazari ne. Ƙasar Vechta yashi ce da dausayi, ba ta ba da hatsin kirki, har ta kai a ƙarni na 19 mutanenta da yawa sun yi ƙaura zuwa Amurka don talauci. Abin da ya juya musu al'amari jirgin ƙasa ne. Da layin dogo ya iso wajen ƙarshen ƙarnin, sai ya zamana za su iya sayo hatsin dabbobi mai araha daga tashoshin jiragen ruwa irin su Bremen, su ciyar da aladu da kaji a 'yar ƙaramar gona, su tura nama da ƙwai zuwa biranen masana'antu na yankin Ruhr inda ma'aikata suke maƙil. Wato ƙasar da ta kasa ciyar da su da noma sai ta ciyar da su da kiwo. Lokacin da Meerpohl ya fara, tattalin arzikin Jamus ta Yamma na tashi, mutane sun samu kuɗin cin ƙwai kullum, ma'aikata kuma sun yi ƙarancin da sai da aka riƙa ɗauko su daga Italiya da Turkiyya. Irin yanayin da ya sayar da sarƙa a Amurka shi ya maimaita kansa.

Kuma ba shi kaɗai ya tashi a wurin ba. A Barnstorf, nan kusa, akwai Lubing masu ƙera bakin shan ruwan kaji da muke kira nipul. A Rechterfeld akwai PHW, masu naman kaji na Wiesenhof. A Visbek akwai EW Group, wanda ya mallaki kamfanonin da ke fitar da irin Ross da Arbor Acres da Hy-Line da Lohmann. In kun taɓa kiwon Ross 308 ko Lohmann Brown, to kakannin kajinku sun bi ta hannun kamfanin da hedikwatarsa ke 'yan kilomitoci kaɗan daga ƙauyen Meerpohl. Mai iri, mai abinci, mai inji, likitan dabbobi, mai yanka, duk a zagaye ɗaya, kamar yadda maƙera da masu walda suka taru a Panteka ta Kaduna. Injiniya zai gwada sabon abu da safe a gonar maƙwabci, da yamma ya ji ƙorafi ya gyara.

Yawan kiwon ya zo musu da nasa ciwon kai. Kashin dabbobi ya fi ƙarfin gonakin yankin, yana gurɓata ruwan ƙarƙashin ƙasa, har sai an biya kuɗi an kwashe shi a manyan motoci zuwa wasu yankuna. Abin da masu noman rani suke bin mu da kuɗi a hannu su saya buhu-buhu, su can biya suke yi a raba su da shi. Duniya ke nan.

A can Amurka kuwa kamfanin ya shiga hannu daban-daban. A 1968 'yan gidan DeWitt suka sayar da shi ga U.S. Industries, wani katafaren kamfani mai tara sana'o'i barkatai. A 1984 kamfanin Hanson na Birtaniya ya saye U.S. Industries ɗungurungum, shi kuwa Hanson an san shi da sayen manyan kamfanoni ya yanyanka ya sayar da sassan da ba ya so. A 1985 Josef Meerpohl, wanda shekara 27 ke nan yana sayar musu da kaya, ya sayi kamfanin. Wakili ya zama mai gida. Hedikwata ta koma Calveslage, kuma tana nan har yau. Ɗansa Bernd ya karɓi ragama a 1992, ya riƙe ta wajen shekara talatin kafin ya miƙa gudanarwar yau da kullum ga wani daga wajen dangi a 2023, amma mallakar tana hannun iyalin. Yanzu suna sayar da kaya a ƙasashe sama da 100, da ma'aikata fiye da 3,000, cinikinsu na shekara ya kai wajen Yuro biliyan ɗaya, suna da rassa a Amurka da Brazil da Sin da Malesiya da Afirka ta Kudu.

Yaya aka yi daga sarƙa ɗaya aka kai nan? Bin mai kiwo suka yi daga wahala zuwa wahala. An sauƙaƙa abinci, sai ruwa ya zama matsala, aka kawo layin nipul. Kaji sun yi yawa a ƙasa, aka kawo keji hawa-hawa. Ƙwai ya fi ƙarfin tsinta da hannu, aka sa bel da ke jawo shi zuwa ɗakin jerawa. Kashi ya taru yana warin da ke sa ido hawaye, aka shimfiɗa wani bel ɗin a ƙarƙashin kowane hawa, ana hura masa iska ya bushe kafin a kwashe. Suka shiga kayan kiwon aladu, wanda babbar harka ce a Turai da Sin. A 'yan shekarun nan har sun shiga kayan kiwon tsutsar baƙin ƙuda, wadda ake sarrafawa a sa a abincin kifi da na kaji a madadin garin kifi. Masu tarwaɗa, ku sa ido a kan wannan.

Inda aikin ya fi nauyi shi ne iska, kuma laifin kazar ce. Masu bincike a Jami'ar Alberta ta Kanada sun kiwata irin kajin nama na 1957 da na 2005 a kan abinci iri ɗaya. A kwana 56, ta 1957 ta kai giram 905, ta 2005 kuwa ta haura kilo 4. Jiki ya ninka fiye da sau huɗu, zafin da yake fitarwa ma ya ƙaru, ga shi kaza ba ta gumi, haki kawai take yi. Dole aka rufe ɗaki ruf, aka jera manyan fankoki a bango ɗaya suna zuƙo iska, a ɗaya ɓangaren aka kafa wani kwali mai ramuka-ramuka da ruwa ke jiƙawa. Iska mai zafi tana ratsa jiƙaƙƙen kwalin ta shigo da sanyi, dabarar randa ce sak. Kwamfuta ke auna zafi tana kunna fankokin tana kashewa. Wannan tsari ya fi aiki inda iska take a bushe, don haka a bazarar Arewa, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 ƙwai ya ragu ɓawonsa ya yi laushi, yana sauke zafin ɗaki sosai. A watan Agusta da iska ta cika da danshi, amfanin kwalin kaɗan ne, gudun iskar ne kawai ke taimako.

Akwai kuma jarrabawar da ta same su wadda ba daga kaza ta fito ba, daga doka ce. A 1999 Tarayyar Turai ta yanke cewa daga farkon 2012 an haramta tsohon kejin kajin ƙwai. A tsohon keji, kaza ɗaya murabba'in santimita 550 take samu, bai kai faɗin takardar A4 ba, wadda ta kai wajen 624. Sabuwar doka ta ce aƙalla 750, da wurin yin ƙwai, da sandar hawa, da wurin tono. Jamus ma ba ta jira ba, tun 2010 ta rufe babin. Kamfanin da keji ke cikin manyan hajojinsa, a ƙasarsa ma aka hana shi. Amma idan kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Sun riga sun fito da wani tsari da suke kira Natura, mai hawa-hawa a buɗe, kaji na yawo suna hawa da sauka, abinci da ruwa da kwasar ƙwai duk na inji. Manoman da suka saya musu keji jiya, su suka dawo sayen sabon tsarin. Keji kuma suka ci gaba da sayar da shi a ƙasashen da doka ba ta hana ba.

Yauwa. Mu dawo kan abubuwa huɗun nan mu auna da gonarmu.

Wuta: a rufaffen ɗaki, fanka ita ce numfashin kaji. Idan wuta ta ɗauke da tsakar rana a watan Afrilu kuma janareta bai tashi ba, ba a cika awa ɗaya ba za a fara kwasar gawa. Shi ya sa masu irin wannan ɗaki suke ajiye janareta biyu da ƙararrawa. Wanda ba zai iya ɗaukar kuɗin dizal na wannan ba, buɗaɗɗen ɗaki mai raga, mai dogon rufi, wanda tsawonsa ya miƙe gabas da yamma don kada rana ta shiga ta gefe, shi ne nasa. Girman garke: kun ga lissafin farko, mai buhu biyar a rana sarƙa ba ta da abin da za ta rage masa. Lebura: a wurinmu albashin yaron gona na shekara bai kama ƙafar kuɗin injin da aka sayo da Yuro ko Dala ba, akasin Amurka ta 1945. Kasuwa ce kaɗai muke da ita a yalwace, ita ma tana hawa da sauka da farashin masara da waken suya. Daidai ruwa daidai tsaki.

Amma akwai inda ƙaramin mai kiwo yake zubar da kuɗi kullum bai sani ba, kuma shi ne ainihin abin da sarƙar DeWitt ta toshe. Abinci ke cin kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin kiwo. A ce kashi 5 kacal cikin 100 ke zubewa a ƙasa ko ɓera ya ci. Ga mai kaji 1,000, kusan kilo 6 ne a rana. A shekara ya haura tan biyu, buhu 84. Ku buga da farashin buhu na yau ku gani. Maganin wannan ba ya buƙatar lantarki. Mazubi mai lanƙwasasshen baki zuwa ciki, a rataye shi daidai tsayin bayan kaza, a riƙa ɗaga shi suna girma, kada a zuba fiye da kashi ɗaya cikin uku na zurfinsa. Sai layin nipul da tanki a kan ƙarfe, nauyin ruwan ne ke tura shi. Kaji 1,000 suna shan lita 200 zuwa 250 a rana, da zafi ya fi haka nesa ba kusa ba, wato jarka goma ko fiye da za ku daina ɗauka, shimfiɗar ɗaki ta zauna a bushe, gudawar jini ta ragu. In ni ne, wannan zan fara saye kafin keji.

Ranar da kuka tashi sayen keji ko wani inji, na Turai ne ko na Sin ko na mai waldan unguwa, ku yi tambayar da maƙwabtan Meerpohl suke da amsarta. Idan ya lalace wa zan kira, kuma kwana nawa zai yi kafin ya zo? Safayarsa akwai a Kano ko Kaduna, ko sai an yi oda daga waje? Ku nemi a nuna muku gonar da ta yi shekara uku tana amfani da irinsa, ku je ku duba wayar ƙasan kejin inda kashi ke taɓawa, nan tsatsa take fara ci. Wayar da aka tsoma cikin narkakkiyar tutiya, ƙarfen nan da ke hana kwanon rufi tsatsa, ta fi wadda aka yi wa shafe sama-sama daɗewa, ko da yake ranar saye duk ƙyalli ɗaya suke yi. Araha ba ta ado.

Masu kifi, lissafin bai bar ku ba. Tarwaɗa 1,000 da za a kai kilo ɗai-ɗai za su ci tan ɗaya zuwa ɗaya da rabi na abinci a wata biyar ko shida. Ƙaramin injin yin abinci mai yawo a saman ruwa yana fitar da kilo 100 ko fiye a awa ɗaya. Ke nan abincin zangon gaba ɗaya aikin kwana biyu ne, sauran watannin injin yana zaune an lulluɓe shi da buhu, kuɗinku na ciki. Irin wannan sai dai mutum goma su haɗa su saya, ko ku kai kayan haɗinku wurin mai inji ku biya ladan bugawa.

Ga aikin gida na wannan mako. Ku samu sikeli. Kwana bakwai a jere, ku auna abin da kuka zuba da safe da yamma, ku auna ragowar da ke mazubi washegari kafin ku ƙara, ku cire, ku raba da yawan kajin. Idan kajin ƙwai ne kuma lissafi ya nuna kowace tana "cin" giram 135 ko 140, ba ita ta ci ba. Ku shimfiɗa buhu a ƙarƙashin mazubi biyu ko uku ku ga abin da zai taru kafin magariba, ku leƙa ɗakin da fitila bayan isha ku ƙirga ɓeraye. Ku kawo mana adadin da kuka samu tare da hoton mazubanku, mu duba tare.